Kada Ƙafa Ta Taɓa Ƙafa

Inna Kulu, mahaifiyar babanmu, ba ta ba da tatsuniya a banza. Sai an biya da yatsu. Sana'arta suyar fara, kuma duk wanda ya taɓa aikin ya san ba suyar ce wahala ba, figar ce. Da an sallame magariba a gidanmu na Ƙofar Rini za ta jawo buhun busasshiyar fara bakin murhu, ta zazzage a tabarma, ta ce mai son labari ya kawo hannu. Mu cire fukafukai, mu karye ƙafafun nan masu ƙaya, mu jefa jikin a kwando. Ita tana gefen kasko tana juyawa, ƙaurin yaji na sa mu atishawa, hasken wuta na hawa da sauka a fuskarta. Kafin kiran isha'i an gama, an kore mu.

Ni ba ni da haƙuri tun ina ƙarama. In ta tsaya gyara itace a tsakiyar labari sai na ce, "Inna, sai mi?"

Ta ce, "Sai ki mutu da gaggawa, Luba, ki ruga kushewa ba a gama maki wanka ba."

Doka ɗaya gare ta. Ba ta yarda mu zauna a matse. Tana da wani dogon kara da take zurawa tsakaninmu tana cewa, "Ku buɗa. Kada ƙafa ta taɓa ƙafa." Mun ɗauka rigimar tsufa ce. Ban ji dalilin ba sai ranar da yayana ya fasa mini goshi. Tabon yana nan bisa girar hagu, kuma saboda shi na yi shekara goma sha biyu ban ce wa Yaya Bello ina kwana ba.

Ya girme ni da shekara bakwai. A da, in ka shigo gidanmu sai ka rantse babu shi. Ba ya cin abinci cikin mutane, ba ya iya kallon idon baƙo. In mata suka taru wajen suna ko biki sai ya haye soro wajen tattabarunsa har a watse. A kafaɗarsa tattabarun nan suke sauka. Inna tana kiransa angonta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ita dai Allah ya haɗa ta da miji bebe.

Sai babanmu ya rasu. Baduku ne, da allurarsa muke ci, ranar da allurar ta tsaya tukunya ma ta fara tsayawa. A daminar shekarar kuma ruwa ya rushe gidan baffanmu a unguwar Gidan Dare, suka kwaso yara da tabarmi suka dawo wurinmu. Kwanon tuwo ɗaya, hannu goma. Yaya Bello da ya saba kwana shi kaɗai a shago ya koma kwana da samari bakwai, ƙafar wannan a bakin wancan.

Ban san ranar da ya fara fita ba. Lokacin siyasa ne, ana tara samari a zuba a mota a kai su inda ake son a ga taro. Na dai ji ya fara dariya da ƙarfi, abin da ban taɓa ji ba. Ya daina iya zama shi kaɗai. In babu kowa a zaure sai ya yi ta kai da komo kamar wanda cinnaka ya shiga wa riga. Tattabarun suka daina sauka a jikinsa. Yana hawa soro su tashi gaba ɗaya, su yi ta shawagi har sai ya sauko. Bayan sati biyu ya yanka su aka yi miya.

Kuma ya fara shigowa da shinkafa da taliya da galan na mai. Tunda na fara, bari in faɗi gaskiya: na ci. Har ƙari na nema.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, Inna ta aike ni da tiren soyayyar fara wurin wata mai saye a Ƙofar Taramniya. Ina tafe sai na ji wani sauti, ba ihu ba tukuna, kamar ruwan sama na tahowa kan rufin kwano daga nesa. Masu shaguna na ta jan ƙofofi. Ni da taurin kai na tsaya kallo. Sai ga taron samari sun karyo kwana, sun cika titi bango zuwa bango, da gora da adda, ƙafafunsu na faɗuwa kusan tare. A sahun gaba har da Yaya Bello.

Murna ma na yi. Na ɗaga hannu na ce, "Yaya!"

Ya dube ni. Wannan nake so a gane. Ya dube ni sosai, ido cikin ido, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Babu kowa a cikin idon. Kamar ka leƙa ɗakin da ka sani ka iske an kwashe kayan. Gorarsa ta sauka a goshina, ya tsallake ni, na bayansa suka tattake farar Inna.

Wata mata ta ɗaure mini kai da ɗankwalinta ta kai ni aka yi ɗinki, ta rako ni gida. Na gaya wa Umma, mahaifiyarmu, da Inna wanda ya yi. Umma ta ce ruɗewa ce, in rufe bakina.  Da magariba ina zaune bakin murhu sai ga shi ya shigo, ya wanke ƙafa, ya hango ni, ya taho da sauri ya tsuguna a gabana. Fuskarsa irin ta da ce sak. Ya kai hannu kusa da bandejin.

"Luba, wa yaf fasa maki goshi? Faɗa man sunanai."

Na tofa masa miyau a fuska. Umma ta zaburo za ta mare ni, Inna ta ce, "Bar ta." Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Angona, koma bakin zaure ka zamna, kai ɗai. Ku kuma ku buɗa." Ta zura karanta tsakaninmu, ni da 'ya'yan baffa, har sai da kowa ya ware. Ta zazzage fara a tabarma kamar kullum.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

Yara suka amsa, "Ta zo ta iske mu." Ni na kau da kai.

Ta ce a zamanin dauri akwai wasu mutane a bakin wani gulbi da ba su son ganin juna. Ba faɗa suka yi ba, haka Allah ya yi su. Jikinsu kore shar kamar ganyen da suke ci, in ɗayansu ya tsaya cikin ciyawa sai ka wuce ba ka gan shi ba. Kowa da wurinsa nesa da na wani. In biyu suka yi kiciɓis a hanya, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. A cikinsu akwai wata gurguwa da ɗanta guda, mai kunya ko a cikin masu kunya.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gulbi ya ja baya, ta biyu ya zama rairayi. Ciyawa ta yi ta ƙanƙancewa har ta rage fili ɗaya a gewayen wata tsohuwar rijiya. Kowa ya taho nan don babu wani wuri. Tsofaffinsu suka ce to, a ci, amma kowa ya tattare jikinsa, kada ƙafa ta taɓa ƙafa. Suka yi iyakar ƙoƙari. Amma kullum filin raguwa yake, kullum matsowa ake.

Nan Inna ta sassauta murya har sai da muka daina figa.

"Rannan ƙafa tat taɓa ƙafa. Ba wanda yac ce komi. Wanga yaj ji ɗumin wancan ga cinya, yaj ji bai son janyewa."

Gari ya waye babu wanda ya gai da wani, amma kuma babu mai son rabuwa da wani. Jiki ya fara ƙaiƙayi. Bayan 'yan kwanaki fatar bayansu ta tsage daga wuya zuwa ƙugu, suka fito daga ciki kamar mai tuɓe riga. Suka bar fatun rataye jikin ƙaya, da siffar fuska da yatsu da komai, iska na kaɗa su. Abin da ya fito daga ciki ba kore ba ne, ruwan ɗorawa ne da baƙi. Sai suka kama tafiya, dukansu, fuska ɗaya.

Na manta fushi nake yi. Na ce, "Wa ke ja masu gaba?"

"Babu. Ba na gaba suke bi ba, na baya suke gudu. Wanda duk yat tsaya, na bayanai shi cinye shi."

Ta ce akwai 'yan kaɗan da suka ƙi shiga, suka zauna bakin rijiya da korensu da mutuncinsu, kowa nesa da kowa. Wata 'yar baffa ta ce ai su ne mutanen kirki. Inna ta juya kasko.

"Sunka mutu, da kirkin da komi. Waɗanda sunka sake su sunka tsiro fukafukai, sunka ƙetare ƙasar da ko ungulu ba ta ƙetarewa, sunka sauka inda ruwa ke zuba. Kada ku ce mugunta. Yunwa taɗ ɗinka masu rigar nan, kuma rigar taf fisshe su."

Ita gurguwar ƙafarta ce ta hana ta kutsawa cikin taro, a gefe take kwance, shi ya sa ba wanda ya taɓa ta. Ta bi ƙayoyi tana duba fatu har ta sami ta ɗanta. Ta ninke ta ta ƙulle a bakin zane, ta bi bayansu da jan gindi. Abin da ya faɗo daga bakinsu shi take tsinta ta ci. Inna ta ce, "Ita ma da su tar rayu, kada ta yi maku fankamar tsarki." Na tuna shinkafar da na ci da rana.

Ta iske su a ƙasar ruwa sun lulluɓe itatuwa har rassa na karyewa. Ta yi ta kiran sunan ɗanta. Can sai ɗaya ya sauko, ya dube ta, ya kai baki ya gutsire mata ƙaramin yatsa. Da wushiryarsa ta gane shi. Ba ta tsaya kuka ba, ta kifa masa babbar ƙwaryarta ta hau kai ta zauna.

Kwana arba'in tana zaune. Ta tura masa ɗanyar ciyawa ta ƙarƙashin baki, ba ta buɗewa, ba ta taɓa shi, ba ta tambayarsa abin da ya ci a hanya. Shi kuwa yana ta buga kansa. Inna ta jawo ƙwaryar gishiri ta kife, ta rinƙa ƙwanƙwasa ta da farce, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali. Ta ce yana kuka da muryoyi iri-iri, babu tasa ko ɗaya. Rannan sai shiru. Gurguwar ta ɗaga ƙwaryar. Ya sunkuyar da kai ya ce, Inna, ina kwana.

Ta kwance tsohuwar fatarsa ta ba shi. Ya gwada, ta yage, ta yi masa kaɗan. Haka ya zauna da ɗorawa da baƙinsa har ya mutu, mutane na ganinsa suna gudu, alhali babu mai kunya kamarsa. Amma tun a ranar farko, yana ɗago kai ya ga hannun uwarsa.

"Yac ce, Inna, wa yac cire maki yatsa?"

Itace ya fashe a murhu. Babu wanda ya juya ya kalli zaure, amma kowa ya san akwai mai saurare a can.

Na ce, "Mi tac ce?"

"Tac ce, hanya tac cire shi, ɗana. Ƙurunƙus. Na sauke ta nan, mai wuya shi ɗauka."

Na tashi tsaye, kaina na sara. Na ce ƙarya ce. Gurguwar maƙaryaciya ce, ɗan ya fi ta ƙarya, ya san abin da ya yi sarai. Na ce ai na gane labarin fara take ba mu, to ko farar ma, koriya daban, farar ɗango mai tafiya a taro daban, kowa ya sani. Na ce in taɓa ƙafa ke sake mutum, don me a sahun salla ake haɗa ƙafa ba wanda ya taɓa cizon wani?

Inna ta ce, "Can ba ciyawa anka zo wawaso ba. Taro ba shi sake mutum sai ya iske shi da yunwa ko tsoro. Batun fara kuwa, uwar gardama, ga fadama nan, je ki gwada."

Na gwada. Ɗinkin goshina bai ma warke ba na bi masu ɗebo ciyawa zuwa bakin fadama, na yini ina kama ƙananan fara koraye waɗanda ba su yi fukafukai ba. Wahalar kamu gare su, don ɗai-ɗai suke, sai ka yi tafiya kafin ka ga wata. Na zuba ashirin a wani fasasshen tulu na ɗaure bakin da tsohon gidan sauro. Guda ɗaya na sa a gwangwani ita kaɗai. Kullum ina tura masu ciyawa.

Kwanakin farko kowace ta maƙale a gefenta, sun juya wa juna baya. Daga baya na fara jin motsi. Muna figa da magariba, tulun na bayan randa, sai in ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. In kalli Inna, ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan sati biyu da 'yan kwanaki na kwance bakin tulun a tsakar gida da rana tsaka. Abin da na fara gani saɓa ce, fatu farare fayau da siffar ƙafa da ido, a manne jikin ciyawa. A ƙarƙashinsu farar sun dunƙule wuri ɗaya, sun yi duhu, da zane-zanen baƙi da ɗorawa. Na ƙirga sha huɗu. Na zazzage tulun ina neman sauran shida, ban samu ba sai ƙafafu. Ta gwangwani kuwa tana nan koriya shar, ta ma ɓuya bayan ganye da na leƙa.

Na kai wa Inna. Ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Kai wa kaji." Ba ta ce ai na gaya maki ba. Da ta ce, da na ji sauƙi.

Duk da haka ban yafe ba. Na ce fara ƙwaro ce, Yaya Bello mutum ne, yana da hankali.

Ba a yi wata ba Inna ta kifa tata ƙwaryar. Tana da ƙane mai lambun albasa a bakin Gulbin Rima, wurin da bukka ɗaya ce tak sai kukan tsuntsaye. Ta ce ƙafafunta na ciwo, tana son iskar gulbi, kuma ba mai kai ta sai angonta. Ya kai ta. Da ya juyo zai dawo ta ce to wa zai ɗebo mata ruwa, wa zai kore mata maciji, haka ake aure a garinsu? Ya zauna. Sau biyu yana gudowa gari, sau biyu tana biyo shi da sandarta ta zauna a ƙofar inda suke taruwa, ba ta cewa uffan, har abokansa su ce don Allah ya kwashe tsohuwarsa. Ƙanenta ya ce watannin farko in yamma ta yi sai Yaya Bello ya yi ta zagaya bukkar da sauri, zufa na zuba, yana magana da mutanen da babu su. Inna na zaune tana tsinkar zogale. Ba ta taɓa tambayarsa inda ya je da abin da ya yi ba.

Mu kuma a gida buhun fara ya ƙare ba a sake saye ba, murhun ya mutu, tatsuniya ta ƙare. Shinkafa ma ta ƙare. Yunwar da ta biyo baya ba zan ɓoye ta ba, har Umma ta fara wankau. Sai na ƙara masa laifi biyu a kan na goshi: ya ɗauke mini Inna, kuma ya daina kawo abinci. Haka nake a lokacin, ban ga wani karo a tsakanin ƙin aikinsa da son abincinsa ba.

A aji biyar na sakandare malamarmu ta kimiyyar halittu, Malama Rahila, mutuniyar kudancin Kaduna, ta zana fara biyu a allo. Ta ce wa zai gaya mata bambancinsu. Na ce babu, ɗaya ce. Ta juyo da mamaki. Ta yi bayani cewa ba kowace fara ke haka ba, wasu iri ne, kuma gogayyar ƙafafun baya ce ke tayar da abin. Ta ce halitta ɗaya, jini ɗaya, amma tana ɗauke da siffa fiye da ɗaya a ɓoye, wurin da ta sami kanta shi ke zaɓar wadda za ta fito. Ta kawo misalin shukar da ke faɗaɗa ganye a inuwa ta ƙanƙance shi a rana, da talibambam da ke gaggawar zama kwaɗo in kududdufi ya fara ƙafewa. Ta ce da haka suke tsira in duniya ta juya masu. Ta rubuta wani dogon sunan Turanci, na haddace don jarrabawa na manta.

Na ɗaga hannu. "Malama, in ta koma ita kaɗai, tana tuna abin da ta yi cikin taro?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ta ce, "Lubabatu, ban taɓa tambayarta ba."

Inna ta rasu a shekarar da na gama makaranta. A wurin zaman makoki Yaya Bello bai shiga cikin maza ba, can gefe ya tsaya jikin bango, da tabon sara a damtse da rabin kunne. Yaran unguwa na nuna shi suna matsawa. Ya gai da ni, na kalli ƙasa. Ya koma lambunsa. Ko kasuwa ba ya kai albasarsa da kansa, sai dai a zo a ɗauka.

Yanzu ina aure a Gidan Dare. A bazarar da ta wuce famfo ya ƙafe mana kusan sati uku, rijiyoyi suka koma laka. Ɗiyata na zawo, ba ruwan wanke ta. Rannan da hantsi aka ce ga motar ruwa a bakin titi. Na ɗauki jarka biyu na ruga tare da maƙwabciyata Maman Ladi, matar wani malamin firamare, wadda ta girme ni nesa, ita ta yi mini wankan jego. Da farko layi aka yi. Sai wani ya ce ruwan ya kusa ƙarewa.

Na tuna zafi. Na tuna cinyoyin mata a jikin nawa ta ko'ina, da wani irin daɗi da ya zo mini, kamar an sauke mini kaya. Shi ke nan abin da na tuna.

Na ga kaina a bakin kwata da jarka biyu cike. Ina haki ina murna. Can gefe Maman Ladi na zaune a ƙasa, bokitinta a fashe, ta dafe baki jini na bin yatsunta. Na ajiye jarka na ruga.

"Subhanallahi! Maman Ladi, wa yay yi maki haka?"

 Ta dube ni kawai. Sannan ta dubi hannuna na dama. Na bi idonta. Awarwarona ya lanƙwashe, akwai jini a gwiwar hannuna, kuma ba ni da ciwo ko ɗaya.

Na yi ta bincike a kaina har yau, kamar mai neman allura a rairayi. Babu. Ba ɓoyewa nake ba, ba kunya ce ta hana ni tunawa ba. Wurin fayau yake. Na ba ta jarka ɗaya, na kai ta aka duba bakin, na ba ta haƙuri har ta gaji ta ce, "Luba, ya isa, ai ruwa ne." Ɗayar jarkar na wanke ɗiyata da ita, kuma ta warke. Wannan ma gaskiya ne, dole in haɗa da shi.

A da ina ɗauka Inna gargaɗi take mana, mu guji taro mu zauna koraye. Ba haka ba ne, don korayen labarinta mutuwa suka yi. Abin da take faɗa ya fi haka ban tsoro. Rigar nan ta biyu tana cikin kowa a ninke, tun ranar suna. Ba a sayo ta, ba a koyo ta wurin abokan banza. Tana jiran ranar da fili zai ƙanƙance ne kawai. A ranar, rigar tana iya fisshe ka, da kai da naka, kuma wani zai biya da goshinsa. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya sami mai kifa masa ƙwarya ya zauna a kai, ba tare da tambaya ba. Yaya Bello ya samu. Ni da nake ƙanwarsa, shekara goma sha biyu ina tsaye a kan tambayar.

Washegari na goya ɗiyata na hau a-daidaita zuwa bakin gulbi, na ƙarasa da ƙafa. Na iske shi yana ban-ruwa, wando a naɗe. Da ya gan ni ya saki tiyo, ruwa na ta malala a kwari. Bai matso ba.

Na ce, "Yaya, ina kwana."

Ya ce, "Lafiya lau, Luba." Ya shimfiɗa mini buhu a inuwar bukka, shi ya zauna a ƙasa, ya bar fili tsakaninmu kamar na karan Inna. Idonsa ya tafi kan girata ta hagu, inda yake tafiya duk sanda muka haɗu.

"Sun faɗa man ni na," ya ce. "Na yarda. Amma wallahi, Luba, har yau ina nema ban..."

Na ce, "Hanya taf fasa shi, Yaya."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi, don ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Na kwance goyo na ɗora masa yarinyar a cinya, ƙafarta a kan tasa. Ya ɗan zabura, sannan ya riƙe ta.

Muna nan zaune sai ga wata koriyar fara a kan ganyen albasa kusa da ƙafata, ita kaɗai, tana ci a hankali. Na nuna wa ɗiyata. Da na juyo na ga Yaya Bello ba ita yake kallo ba. Yana bin sauran ganyen da ido, layi bayan layi, yana duba ko tana da 'yan'uwa a kusa. Sai na ga ni ma na fara dubawa.